Shawararmu ga Masu Kasafi a Shekarar Anza

Shekara ta biyu ke nan ruwa na yi mana rowa sa'ad da aka ce gwamnati na neman shawarar talakawa. A lokacin ina koyarwa a wata 'yar makarantar firamare a wani ƙauye na yankin Turba. Aji biyu ne, malamai biyu, amma abokin aikina ya tafi ganin gida tun bayan salla bai dawo ba, sai na haɗa yaran duka a ɗaki ɗaya. Ban yi aure ba tukuna. Ina zaune gidan gwaggona, yayar mahaifina, wadda aure ya kawo garin daga Gangara tun kafin a haife ni. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza biyu sun tafi cin rani kudu. Ita ce ungozomar garin, kuma mace ce da ba ta ɓoye abin da ke ranta, ko gaban wa.

Daminar farko hatsi ya fara fid da kai ruwa ya ɗauke. Ta biyu sau uku muna shuka tana ƙonewa tun ba ta kai tsawon yatsa ba. Kafin tsakiyar rani rumbuna sun yi wayam. Mata suka koma daji tsinkar anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana uku ko huɗu ana canza ruwa kafin su ciwu. Ruwan kuma rijiya ɗaya ce ta rage, sai an yi sammako an bi layi. Yaran da nake koyarwa suka riƙa raguwa. Wasu iyayensu sun tashi, wasu kuma suna zuwa amma kafin azahar sun kifa kai kan benci.

Wata Laraba da hantsi mai gari ya aiko kirana. Na same shi a zaurensa, ya nuna mini tabarma.

"Malam, zamna. Jiya an tara mu garin Isa. An ce kowane gari shi rubuto abin da mutane ke so a sa cikin kasafin kuɗin ƙasa na baɗi. Kai ke da boko garin ga, kai za ka rubuta."

Na ce, "To, ranka shi daɗe."

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Yaro ne ni mai takardar shaidar koyarwa sabuwa fil, kuma na yarda har zuciyata cewa abin da ya hana a taimake mu shi ne ba wanda ya taɓa rubuta halin da muke ciki da kyau. Na sayi sabon littafin rubutu da kuɗina, na cika alƙalamina da tawada.

Aka yi taron bayan la'asar a ƙofar gidan mai gari, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro. Mazan da suka rage a garin duk sun zo, har da Fulanin rugar da ke bakin fadama, Ardonsu na gaba. Kafin in buɗe littafi wani dattijo manomi, wanda gonarsa ke iyaka da ta gwaggona, ya ɗaga sandarsa.

"Malam, tsaya. Mi ne ne kasafin nan?"

Na ce kamar yadda mai gida ke zama bayan kaka ya raba dammansa ne: waɗannan na ci, waɗannan na iri, waɗannan na haraji, waɗannan na hidimar aure. Haka gwamnati ke raba kuɗin ƙasa kowace shekara.

"To shi wanga mai gidan, ina gonarsa take?"

Na ce da harajin da muke biya, da kuɗin kwastan, da na man fetur.

Ya gyaɗa kai. "Ashe mu ne gonar. To rubuta."

Abin da ya sa na rubuta shi ne, haraji ya bi damina. Shekarar da aka samu a biya, shekarar da rumbu ya yi wayam a ɗage. Ya ce ko zakka da Allah ya ɗora mana sai amfani ya kai awo ake fitarwa, don me harajin mutum zai fi ta tsanani? Sannan ya ƙara wadda ta ta da ƙura. Ya ce bai ga dalilin da zai sa mai galma ɗaya da mai motar ɗaukar kaya su biya daidai da juna ba, a ƙara wa mai shi a rage wa maras shi.

Mutum ɗaya ne mai mota a wurin, wani falke da ke fataucin hatsi da gishiri tsakanin nan da Maraɗi. Ya miƙe yana gyara malum-malum.

"Da ni kake, baba. Motar nan ita ta kawo dusar da kunka ci makon jiya."

"Munka saya dai," in ji dattijon.

Da ƙyar mai gari ya kwantar da su. Falken ya ce shi hanya yake so, domin da akwai hanya mai kyau daga nan zuwa Sabon Birni da hatsi ya fi haka sauƙi. Gaskiya ya faɗa, na rubuta. Ya kuma ce a tsallaken iyaka ya ga magaza, wato babban ɗakin ajiya, inda ake tara hatsi shekarar yalwa a fito da shi shekarar yunwa, a yi mana irinta. Wannan kowa ya yarda da ita, har dattijon.

Ardo bai yi magana ba sai da kowa ya gama. Dogo ne siriri, ya haura sittin, Hausarsa tsaf amma a hankali yake fitar da ita. Kafin fari, in garkensa ya taso daga fadama sai mutum ya tsaya gefen hanya ya jira su wuce. A ranar taron abin da ya rage masa bai kai ashirin ba.

"Malam, jangalin shanu na bana da lissafin bara anka zo muna. Nagge ta mutu, ungulu sun cinye, sunanta na nan da rai cikin littafi. Ka ce su zo su ƙirga wadda ke tsaye. Ta biyu, shanun ga mutuwa za su yi, kowa ya sani. Tun suna da sauran nama gwamnati ta saye su da daraja, a yanka, a shanya naman, a raba ma masu yunwa. Mu mu samu abin sayen hatsi, ku ku samu abin ci. Yanzu kam ungulu kaɗai ke cin riba."

Ni kaina sai da na ɗaga alƙalami na dube shi. Ban taɓa jin shawarar da ta kai wannan hankali ba, har a kwalejin da na yi.

Da na koma gida na tarar da gwaggo zaune bakin murhu tana tsame anza daga tukunya. Ba ta ɗago ba ta ce, "An gama shawarar maza?"

Na ce an gama.

"To ɗauko littafin. Mu ba mu cin abinci garin ga, ko?"

Na ɗauko. Ta goge hannu a zane, ta ce in rubuta yadda ta faɗa, kar in gyara mata. Abu uku ta ce. A dama wa 'yan makaranta kunu sau ɗaya a rana, domin ita ta karɓi haihuwarsu, ta san waɗanda ba za su kai damina ba in aka ci gaba haka. A ware iri a kulle cikin rumbu ɗaya na gari, makulli biyu, ɗaya hannun mai gari ɗaya hannun mata, don yunwa na sa mutum ya cinye irinsa. Na uku kuma a daina yanka wa mata tikiti a kasuwa kan tafasa da yaɗiya.

"Mace ta yini daji tana tsinkar ganye, ta ɗauko a kai, kafin ta sayar da ko ƙulli ɗaya mai tikiti ya tsaya mata a ka. Gwamnati ce ta shuka tafasar? Rubuta haka."

Na ce, "Gwaggo, ba a yi wa gwamnati irin wagga magana a takarda."

"Kai aka sa rubutu ko kai aka sa magana? Rubuta."

Na rubuta.

Kwana uku na yi ina shirya takardar. Shafi bakwai ta ci da Hausa, na kuma juya ta zuwa Turanci don kada a ce ba a gane ba. Na karanta wa jama'a a ƙofar mai gari, har da na gwaggo, maza suka yi dariya a wurin tafasa amma ba wanda ya ce a cire. Na zuba tawada a murfin kwalba kowa ya dangwala yatsa. Dattijon nan ya daɗe yana duban babban yatsansa da ya yi shuɗi, ya ce wannan ne karo na farko da ya dangwala ba don an karɓi wani abu a hannunsa ba.

Ranar da zan kai takardar zuwa Isa, Ardo ya ce mu tafi tare, zai kora shanu biyu ya sayar. Muka fita bayan asuba, ni ina tura kekena saboda yashi, shi yana bayan shanun. Ba korarsu yake ba, lallashinsu yake, yana yi musu magana da Fillanci ƙasa-ƙasa. Ɗaya fara ce, ɗaya ja mai dogayen ƙaho, haƙarƙarinsu duk a waje. Mun ƙetare gulbi, wanda ya zama yashi zalla, muna hango rufin kwanon garin, sai jar ta durƙusa. Ya ja wutsiya, na tura ta baya, ta yunƙura sau biyu ta koma. Ya tsuguna ya dafa wuyanta ya daɗe. Daga nan ya zaro wuƙa ya ce in riƙe masa ƙahon.

Mahauta biyu suka zo daga gari, ban san wanda ya gaya musu ba. Suka zagaya ta, suka ce ba nama, fata kawai za su saya, in ya yarda su kwashe sauran kyauta. Ya yarda. Farar kuma abin da aka ba shi a kanta bai kai kuɗin buhun gero ba. Ya ƙulle kuɗin a bakin rawaninsa, ya ce, "Mu tafi ofis ɗin, malam." Hannun rigarsa duk jini.

Ofishin da aka ce a kai takardun wani ɗaki ne a ƙarshen dogon gini. Masinja ya ce akawu ya fita, mu jira. Muka zauna kan benci tun hantsi har aka kira azahar, muka je muka yi salla muka dawo. Akawun da ya iso ba mugun mutum ba ne, wannan na sha faɗa wa kaina. Magidanci ne mai furfura kaɗan, wuyan rigarsa ya ci ɗinki. Ya gaishe mu da mutunci, ya karɓi takardar, ya karanta shafin farko da na biyu a tsaye.

Ya ce, "Malam, ka yi ƙoƙari. Amma ba haka ake so ba. Ba a ba mai garinku fom ba?"

Ya jawo aljihun tebur ya fito da takarda guda, rabin shafi. Sunan gari a sama, a ƙasa layi huɗu, kowane da ɗan akwati a gabansa: hanya, ruwa, makaranta, asibiti. A zaɓi ɗaya.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ina wurin haraji?"

"Haraji ba shawara ba ne, doka ne."

"Jangali fa? Hatsi fa? Mutane anza suke ci."

"Na sani. Gidana ma an fara." Ya sassauta murya. "Gobe mota za ta kai fom-fom ɗin Sakkwato, can a haɗa na jiha duka a tura gaba. Fom kaɗai za su karɓa, don shi ake iya ƙirgawa. Wa zai zauna ya karanta shafi bakwai daga kowane ƙauye?"

Na ce ai su suka tambaya.

Ya nuna mini wani kwali a ƙasa bayan ƙofa ya ce in ajiye tawa a nan, in an samu mai tafiya zai ga abin da zai iya yi. Na leƙa. Kwalin ya kusa cika. Akwai ta wani gari kusa da Alkalawa, akwai daga ƙauyukan Sabon Birni, wasu da ajami, wasu a takardar littafin 'yan makaranta irin tawa, duk da dangwalen yatsu a ƙasa. Ta saman an ɗora mata kofin shayi ya bar zobe. Sai na ji kunya ta kama ni, ta yadda na ɗauka ni kaɗai na iya rubuta halin da ake ciki.

Ardo na tsaye bakin ƙofa bai shigo ba, don takalmansa duk ƙura da jini. Rabin maganarmu da akawun da Turanci muka yi ta. Ya ce, "Malam, mi yac ce?"

Na gaya masa. Na karanta masa layukan huɗu.

"Ina shanu a ciki?"

"Babu."

"Ina yunwa?"

"Babu, Ardo."

Ya dubi akawun, ya dubi kwalin. Na yi zaton zai yi faɗa, na ma so ya yi, don ni na kasa. Sai ya ce, "To sa ruwa. Ko ba komai nagge na shan ruwa." Na sa alama a akwatin ruwa, na sa hannu a madadin mai gari, na jefa shafi bakwai ɗina cikin kwali.

A hanyar dawowa muka wuce inda jar saniyar ta faɗi. Na ce ban san abin da za ni gaya wa mutane ba. Ya ce, "Kai anka aika, malam. Ni shanu na kai kasuwa."

Abin da na gaya musu ƙarya ce. Na ce an karɓa, an yaba, an ce za a tura. Gwaggo ta tare ni tun a zaure ta ce, "Har da tawa?" Na ce har da taki. Ta ce, "Madalla," ta zubo mini anza da ɗan gishiri. Na ci ina jin ta tana gaya wa maƙwabciya ta kan katanga cewa a ƙara haƙuri, maganar kunun yara ta tafi sama. Ardo bai tona ni ba. In mun haɗu a rijiya sai ya gaishe ni kamar kullum ya wuce.

Bayan wata biyu aka karanta kasafin. Falke ya fito da rediyonsa ya ɗora kan turmi a ƙofar mai gari, aka kewaye ta da yamma ana jiran fassarar Hausa. Mai karatu ya yi ta jero miliyoyi, kuɗin da ko ni ban san yawan sifirinsu ba. Aka ambaci manyan hanyoyi da gine-gine a biranen da yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Aka ambaci noma, kowa ya matso, sai muka ji maganar takin zamani da injuna. Da aka gama aka sa kiɗa.

Dattijon ya juyo ya ce, "Malam, ka ji namu?"

Na ce irin waɗannan ƙananan bayanai ba a karanta su a rediyo, suna cikin babban littafi. Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko sauƙin fita.

Haraji ya zo a lokacinsa, bai ragu da ko kwabo ba. Malamin haraji ya sauka gidan mai gari da ɗan doka guda, kuma da yake aikin ya yi masa yawa aka ce in taya shi rubuta rasit. Na zauna kwana biyu a kan tabarmar da na zauna na rubuta shawarwarin, da alƙalamin nan dai, mutanen nan dai suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Dattijon ya sayar da ƙyauren ɗakinsa na kwano ya biya. Gwaggo ta sayar da akuyarta ta ƙarshe, domin sunayen 'ya'yanta biyu na cikin littafi ko da yake ba sa gari. Da aka zo kan jangali Ardo ya ce a zo ruga a ƙirga. Malamin harajin ya ce ba shi da ikon canza abin da ke rubuce, sai dai a kai ƙara, kuma kafin a saurari ƙara sai an biya. Ardo ya sayar da shanu huɗu masu rai ya biya na matattu.

Ana cikin tsananin bazara, wata rana da hantsi ina aji, muka ji ƙugin babbar mota. Ba ta falke ba ce. Ta shigo gari a hankali, an lulluɓe bayanta da tamfol, ana hango buhuna. Wani ya yi ihu, "Hatsi! Hatsin gwamnati!" Ban taɓa ganin garin ya motsa haka ba. Mata suka fito da ƙorai da kwanoni, tsofaffin da suka yi makonni ba su fita ba suka fito da sanda, yaran ajina suka tsallake ta taga. Motar ta tsaya gaban makaranta. Wata mata mai goyo ta riga kowa, ta kama buhun da aka fara saukewa ta yage bakinsa da haƙori. Wasu fararen ƙwayoyi suka zubo. Ta ɗiba ta kai baki, ta tofar.

Takin zamani ne. Jami'in da ya rako motar ya hau kan taya ya yi bayani cewa gwamnati ta sauƙaƙa farashi, kowane manomi zai iya saye da rabin kuɗi. Shekara biyu ba ruwa, ba iri, ba kuɗin ko mudu ɗaya na dawa. Ya tambayi inda za a ajiye, mai gari ya nuna ajin da ba kowa. Mutane suka juya da ƙoransu a kife.

Gwaggo ba ta juya ba. Ta tsaya da ƙwaryarta a hannu har aka gama sauke buhunan, sannan ta zo inda nake.

"Ɗan ƙanena, wa ya roƙi wanga abu cikin takardarka?"

Na ce ba kowa.

"To mi ka kai musu?"

A nan, gaban ajin, na gaya mata duka: fom ɗin, akwatuna huɗu, kwalin bayan ƙofa. Na ce na ji tsoron karya wa mutane zuciya ne. Ta saurara har na gama. Idanunta suka kaɗa, amma muryarta ba ta tashi ba.

"Su ban san su ba, ba su san ni ba. Ba ni da abin cewa da su. Kai kuwa tuwona kake ci. Wata huɗu ina ce ma mata su jira. Da ka faɗa mini gaskiya ran da ka dawo, da tun ran nan na san ba mai zuwa. Ɗiya biyu munka rufe cikin watannin ga, malam."

Ba ta taɓa kirana malam ba sai ranar. Ta juya ta tafi.

Washegari ta fara bin gida-gida da ƙwarya. Duk gidan da ta taɓa karɓar haihuwa, wato kusan kowane gida, ta ce a ba ta tafin hannu ɗaya na duk abin da ake da shi, gero ko dawa ko dusa. Wasu suka bayar, wasu suka rantse ba su da shi, kuma ta san gaskiya suka faɗa. Ta je wurin falke ta tsaya masa a ƙofa har ya auno tiya biyar. Ardo ya riƙa aiko ɗan nonon da ya samu. Ta ari babbar tukunya ta kafa murhu bayan makaranta, kullum da hantsi yara su yi layi, ludayi biyu-biyu. Kunun tsararo ne, ana ganin gindin kwano ta cikinsa, amma yaran da suka daina zuwa suka dawo, har da waɗanda ba a taɓa rubuta sunansu ba. Ni ke ɗebo mata ruwa da itace. Tana ba ni umarni, ina yi, ba ta ƙara da wata magana.

Mako bakwai abin ya yi. Daga nan gidaje suka ƙare, falke ya ce shi ma ya kai iyaka. Na hau keke na koma Isa na roƙi ko buhu biyu daga hatsin agajin da aka ce ya iso, aka ce rabon ya bi ta hannun wani kwamiti, kwamitin kuma bai zauna ba. Na koma sau uku. Ran na ukun na ɗaga murya har masinja ya riƙe mini hannu ya fitar da ni waje. Na tsaya a rana, ba wanda ya ko leƙo.

Ardo ya tashi kafin damina. Da sassafe suka kwance bukkoki, suka ɗora kaya kan jakai biyu, suka kora 'yan shanun da suka rage suka yi kudu. Ya biyo ta makaranta ya yi mini sallama. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce ba ni na hana ruwa ba.

Ruwa ya dawo a daminar da ta biyo. Wanda ya samu iri ya shuka, da yawa rabin gona suka iya. Rijiyar da muka sa wa alama ban ga an haƙa ba har aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Sabon Birni. Gwaggo ta sauko daga fushinta a hankali, amma daga ranar motar taki, in na kawo mata labari sai ta tambaye ni, "Da idonka ka gani?" Haka muka zauna har ta rasu.

Bayan wasu shekaru na je Sakkwato karɓar wata takarda, ina wucewa ta gaban wani gini da ake kan yi sai na ji an ce, "Malam." Ardo ne zaune kan bulo a bakin ƙofa, da sanda a kan cinya. Gadi yake yi. Ya rame, rawanin ya zama ɗan ƙyalle. Muka gaisa, na tsuguna kusa da shi. Na tambayi shanu, ya ce ta ƙarshe ta mutu a hanya tun shekarar, 'ya'yansa suna yi wa wani mai kuɗi kiwo. Ya tambayi mai gari, ya tambayi dattijon, na ce Allah ya yi masa rasuwa. Ya yi masa addu'a. Sannan ya ce, "Fadamarmu fa? Ciyawa ta fito?"

Na ce ta fito, har ƙugu take kai wa mutum.

"Wa ke kiwo nan?"

Na ce ba kowa.

Wata mota ɗauke da siminti ta yi oda a bakin ƙofar, ya tashi ya je buɗe mata.